Ganuwar Amina ta Samaru

'Yar'uwa mai karatu, duk wadda ta yi Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, in kika ambata mata Amina Hall sai kin ga ta yi murmushi. Shi ne gidan kwanan ɗalibai mata da ya fi suna a Samaru, mazaunin jami'ar da aka buɗe ranar 4 ga Oktoba, 1962. Sunan Sarauniya Amina ta Zazzau aka raɗa masa, wadda aka ce duk inda ta ya da zango sai ta kewaye shi da ganuwa.

To, shi ma gidan haka yake. Benaye ne na siminti, kowanne da dogon baranda da ɗakuna reras, ga filin wanki da shanya, ga masu gadi a bakin ƙofa. Namiji ba ya kutsa kai ciki yadda ya ga dama, tamkar dai zaure da cikin gida. Wannan tsarin ne ya kwantar wa iyaye da yawa hankali har suka bar 'ya'yansu mata suka tafi neman digiri.

A ciki kuwa zaman haƙuri ne. Bahaushiya da Bayarabiya da 'yar Tibi ɗaki guda, wadda ba ta sami gado ba ta raɓa da ƙawarta. Da gwamnati ta daina ciyar da ɗalibai a 1984, sai risho da tukunya suka shigo. Kowa ta koyi miyar garin wata.

Ƙofar nan ta taɓa jawo tashin hankali. A 1986 ɗalibai suka yi jerin gwanon tunawa da 'yan'uwansu da aka kashe a rikicin 1978, sai ayarin ya bi ta cikin Amina har da maza. Shugaban jami'a, Farfesa Ango Abdullahi, ya hukunta shugabannin ɗaliban, abu ya zama zanga-zanga. Ranar 23 ga Mayu 'yan sanda suka buɗe wuta, aka rasa rayuka, cikinsu har da ɗaliba mace. Kaico!

Duk da haka daga ɗakunan nan likitoci da lauyoyi da malamai mata suka fito. Don haka ke da kika sami gado a ciki, ki riƙe amanar da ta kawo ki. Ƙannenki na gida, da halinki za a auna ko a bar su su biyo ki.