Daura Uku da Sassan Jami'a: Tambaya Daga Babban Mutum

Ɗalibin jami'a a Najeriya yakan bi ta wani darasi na gama-gari a kan al'ummun ƙasar da al'adunsu. A cikinsa Daura ba ta wuce shafi ɗaya ba. Bayajidda ya zo daga gabas, ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu, ya auri Daurama, zuriyarsa ta kafa Hausa Bakwai. A haddace, a zauna jarrabawa, a manta. Da'awar wannan maƙala ita ce jami'o'inmu sun gaji iyakoki iri biyu, ta tsakanin sassan ilimi da ta tsakanin ƙasashe, kuma ƙasar Daura tana daga wuraren da waɗannan iyakoki suka fi ɓoye wa mai bincike gaskiya.

Babban Mutum gari ne a ƙaramar hukumar Baure, a bakin iyaka, kan hanyar da ke fita zuwa Magarya a jihar Damagaram ta Nijar. Wanda ya tsaya kusa da mai canji a irin wannan gari zai ji lissafi da harshe ɗaya amma da kai biyu. Baƙo ya miƙa takardar sefa dubu, ya ce jikka ce. Aka tambaye shi farashin wani abu, ya ce dala ashirin, yana nufin sefa ɗari, domin a can dala ɗaya sefa biyar ce. Mai canji bai ko ɗaga kai ba, ya lissafa, ya ƙirgo naira. Sunan dala ya tsufa fiye da naira da sefa duka, daga kuɗin azurfa na Turai da fatake suka yi ciniki da shi kafin zuwan mulkin mallaka ya samo asali. Shi wannan baƙo lakwal ya yi, malaminsa mushe ne, kuma duwan yake tsoro a hanya, alhali ɗan uwansa na wannan ɓangare kwastan yake kauce wa. To, wane sashe ne ke da wannan minti biyar na ciniki? Masanin harshe zai ɗauki kalmomin aro, masanin tattalin arziki ya ɗauki farashin canji, masanin tarihi ya ɗauki dala. Kowa ya yanki rabonsa, an bar mutumin da ke tsaye babu mai tambayarsa yadda aka yi kakansa da kakan mai canji suke gida ɗaya.

Amsar tana cikin ƙarni na 19. A wajen 1805 Malam Isiyaku, mai tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya karɓi birnin Daura, Sarkin Gwari Abdu, sarkin Haɓe na Daura, ya fita. Gidan sarautar Haɓe bai mutu ba, rabuwa ya yi: wani reshe ya zauna Zango, wani Baure, Fulani na riƙe da tsohon birni. Daura ta zama uku. Na cikin birni suna kallon Sakkwato, na Zango da Baure kuwa inuwar Damagaram ce ta rufe su. Da Ingila da Faransa suka zo, yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906 suka ja layi, ayarin Tilho da O'Shee ya bi ƙasa yana kafa alamomi daga 1906 zuwa 1908. Turawan Ingila suka mayar da Malam Musa na reshen Zango kan gadon Daura, abin da ba su yi wa Haɓen Kano ko na Katsina ba. Garuruwan da suka saba kai gaisuwa wuri ɗaya suka wayi gari a ƙarƙashin tuta biyu.

Abin lura shi ne ayyukan da suka fi haskaka wannan tarihi ba su tsaya a sashe ɗaya ba. M. G. Smith, mutumin Jamaika, masanin zamantakewar al'umma ne, amma littafinsa na 1978, The Affairs of Daura, tarihi ne da aka gina da hirar dattawa da jerin sarautu da tsarin fada, ya kuma bi Daura ukun ɗaya bayan ɗaya. William Miles masanin siyasa ne. Ya zauna a 'Yardaje ta Najeriya da Yekuwa ta Nijar, ƙauyuka maƙwabta, ya fitar da Hausaland Divided a 1994, inda ya duba sarauta da makaranta da addini da kasuwa a ɓangarorin biyu. A Zariya kuwa Abdullahi Smith, tun 1970, ya ƙi karɓar labarin Bayajidda a matsayin bayanin kafuwar daulolin Hausa, ya ce a duba ƙasa da noma da ƙaura da yadda ƙauye ke zama gari, gari ya zama birni. Almajirinsa Yusufu Bala Usman ya bi wannan tafarki a aikinsa kan Katsina, wanda aka buga a 1981. Ba na cewa babu gyara a waɗannan ayyuka. M. G. Smith ya fi sauraron fada fiye da gona, muryar talaka da ta mata ba ta fito sosai ba, kuma wannan abin mamaki ne ga mijin matar da ta rubuta rayuwar Baba ta Karo. Amma dukansu sun tsallaka katanga, shi ya sa har yau ake komawa gare su.

Akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa ɗalibin da aka ɗanɗana masa tarihi da harshe da tattalin arziki zai fita ba tsuntsu ba tarko, gara ya ƙware a abu ɗaya. Na yarda da rabin maganar. Haɗa fannoni ba tara malamai biyar a ɗakin taro ba ne kowa ya karanta takardarsa a watse. Tambaya ce take jan mai bincike zuwa ga kayan aikin da bai zo da su ba. Wanda ke son rubuta tarihin Baure dole ya karanta rahotannin razdan a gidan adana takardu na Kaduna, da Turanci. Dole ya karanta wasiƙun sarakuna na Larabci da rubutun ajami. Kuma rabin labarin yana cikin Faransanci, a Yamai da Dakar da Faransa, da cikin littafin André Salifou na 1971 kan daular Damagaram. Wannan ƙari ne a kan ƙwarewa, nauyi ne na gaske, kuma tsarin digirinmu bai tanadi lokacinsa ba.

Na taɓa duba kundin wani ɗalibi mai ƙoƙari kan cinikin dabbobi a yankin Baure. Ya yi hira da dillalai, ya zauna a kara, ya san waye fatoma, waye ɗan kamasho. Amma taswirarsa ta ƙare daidai kan layin iyaka, sama da shi fari fat, kamar shanun daga sama suke faɗowa. Na tambaye shi dalili. Ya ce an gaya masa a sashe cewa bincikensa na Najeriya ne, kuma ba ya jin Faransanci. Dillalan da ya yi hira da su ma ba sa ji, amma kowane mako suna can.

Cibiyoyin da za su ɗauki wannan aiki suna nan. Akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, akwai Gidan Arewa a Kaduna, akwai cibiyar nazarin harsunan Najeriya ta Jami'ar Bayero, akwai jami'a a Damagaram mai ɗauke da sunan Salifou. Daga Babban Mutum, Damagaram ba ta fi tafiyar 'yan sa'o'i ba. Abin da ake bukata shi ne ɗalibin digiri na biyu ya sami malami a kowane ɓangare, a kuma lissafa masa Faransanci da ajami cikin darussan dole. An rufe iyakar a watan Agusta na 2019, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Yadda hakan ya taɓa farashin gero, da zuwa biki da ta'aziyya, da matan da aka aurar ƙetare, yana cikin bakin mutanen Babban Mutum yanzu haka, kuma ana iya ɗaukarsa da Hausa tsantsa.