Abincin wanda ba ya iya tauna: kunu kaɗai ba ya riƙe jiki

A gidaje da yawa na karkararmu, da zarar tsoho ya rasa haƙora sai a ce "a dama masa kunu". Safe kunu, rana fura, dare kunu. Ciki yana cika, amma jiki yana zubewa a hankali, har a wayi gari ana cewa tsufa ne. Sau da yawa kuwa yunwa ce, a gidan da ake ɗora tukunya kullum.

Babban mutum yana da haƙora 32, kuma turamen da ke can ciki su ne masu niƙa. In sun zube, ko dasashi ya kumbura, ko muƙamuƙi ya riƙe, tauna ta zama wahala. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa kusan kashi 23 cikin 100 na masu shekara 60 zuwa sama ba su da haƙori ko ɗaya. Kuma kun san halin tsofaffinmu: Baba ba zai ce nama ya gagare shi ba, sai dai ya tura wa jika nasa yankan ya ce ya ƙoshi. Ku lura da wanda ya daina taɓa ƙuli-ƙuli da kilishi, ko wadda ta fara gurza goro kafin ta ci.

Kunu tsararo kusan duk ruwa ne. Abin da ake so shi ne abinci mai taushi amma mai ƙarfi. In za a dama kunun hatsi, a haɗa garin da na wake da gujiya waɗanda aka soya aka niƙa, a dama shi da kauri, a zuba madara ko cokali guda na mai. Fura a dama ta sosai da nono mai yawa, kar a bar gudaji. In madarar shanu ce ɗanya, a tafasa ta tukuna.

Tuwo ma bai haramta gare su ba. A tuƙa nasu da ruwa-ruwa, a ba su tun da ɗumi kafin ya sandare, da miyar kuka ko kuɓewa mai yawa, don yauƙi yana taimaka wa loma ta wuce. Nama a dafa shi har ya saki, a daka a turmi, a mayar cikin miya. Kifi a tsince ƙayarsa da hannu, a sake dubawa. Ƙwai, hanta, alala, awara da aka dafa cikin miya maimakon a soya, wake da aka cire wa ɓawo ya dahu luguf, duk suna gina jiki. Kabewa da dankali a dafa a murƙushe. Zogale kuwa, kopto yana yi musu wuyar tauna. Gara a shanya ganyen a inuwa, a daka, a riƙa barbaɗa garin a miya. Ayaba, gwanda da mangwaro nunanne ba sa bukatar wani aiki. Dabino a jiƙa shi, a cire ƙwallon.

Gwajin mai sauƙi ne: a danna abincin da bayan cokali. In ya baje ba tare da an sa ƙarfi ba, harshe da dasashi za su iya da shi. Kuma a riƙa ba su kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a wuni, don ba sa iya cin mai yawa a zama ɗaya. Mai ciwon suga kar a cika masa sukari a kunu, mai hawan jini a rage masa gishiri da dunƙulen magi.

To, akwai wani abu da muke so a bambanta. Rashin iya tauna daban, rashin iya haɗiya daban. Wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki, wani lokaci ruwa ma ƙware shi yake yi, ya bi ta hanyar numfashi ya sauka huhu, ya jawo ciwo mai tsanani. In mutum yana tari duk sa'ad da ya sha ruwa, ko muryarsa ta canza bayan ya haɗiya, ko abinci yana taruwa a kuncinsa, a kai shi CSI ko babban asibiti. Kar a yi masa ɗure, kar a ba shi abinci yana kwance. A zaunar da shi tsaye, a jira ya haɗiye loma kafin a ba shi wata, ya zauna kamar minti 30 bayan ya gama, sannan a goge masa baki.

Yara ma abin yana shafar su. Cutar noma, ba noman gona ba, tana farawa da gyambo a dasashi da warin baki, mafi yawa ga ƴan shekara 2 zuwa 6 da ba su samun isasshen abinci, kuma tana iya cin kunci ta manne muƙamuƙi. OMS ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a watan Disamba na 2023. A Damagaram ƙungiyar Sentinelles tana da cibiyar kula da irin waɗannan yara. Yaron da ya ƙi cin abinci, dasashinsa na jini, kunci ya fara kumbura, a kai shi likita ranar, ba gobe ba.

Ƴan uwa da ke Abijan, Legas ko Libiya masu aiko da kuɗin cefane, in kun bugo waya kar ku tsaya ga "Inna ta ci abinci?" Ku tambayi me ta ci jiya da dare, kuma ku ware wani abu ku ce na ƙwai da nononta ne.