Tarihin Shingen Gona a Ingila

Shingen itatuwa masu rai da ake dasawa a jere a kan iyakar gona yana cikin tsofaffin ayyukan hannu da suka rage a karkarar Ingila. Wani bincike da aka fitar a 2024, bayan an auna ƙasar daga jirgin sama, ya ƙiyasta tsawon shingayen Ingila a kan kilomita 390,000. Aikinsu na asali ɗaya ne da na aguwar da ake jerawa a bakin burtali a ƙasar Hausa: hana dabba shiga amfanin gona da nuna inda haƙƙin wani ya tsaya. Sai dai a Ingila shinge ya tsunduma cikin rigimar mallakar ƙasa har aka zubar da jini a kansa.

Al'adar ta girmi rubutu a ƙasar. A yammacin Cornwall akwai gonakin da har yau ake kiwo cikin iyakokin dutse da ƙasa da aka gina tun zamanin tagulla, shekaru fiye da 3,000 da suka wuce. A tsallaken ruwa kuma, Yuliyas Kaisar, wanda ya yaƙi ƙabilar Nervii a shekara ta 57 kafin haihuwar Annabi Isa, ya bayyana yadda suke saran ƙananan itatuwa su tanƙwara su, su cusa ƙaya a tsakani don tare mahaya dawaki. Takardun kyautar filaye na sarakunan Angulo-Sakson suna bin iyaka daga rafi zuwa tsohuwar bishiya zuwa shinge, kuma an tarar da wasu daga cikin shingayen a daidai inda takardun suka ce. A wajajen 1970 masanin tsirrai Max Hooper ya kawo hanyar ƙiyasta shekarunsu: a auna yadi 30, a ƙirga ire-iren itatuwan da ke ciki, kowane iri ɗaya a ɗauke shi shekara 100. Ƙiyasi ne kawai, kuma yakan ɓata inda mai dashe ya gauraya iri tun farko.

Ba ko'ina aka san shinge ba. A tsakiyar Ingila, ƙauye yakan kasance da manyan filaye biyu ko uku a buɗe, an yanka su sirara-sirara, kowane magidanci yana da nasa yankuna a warwatse. Bayan girbi a saki dabbobin gari su yi kiwo tare. Ga kuma makiyayar jama'a, inda talakan da bai mallaki ko taku ɗaya ba yake kiwon saniyarsa, yana samo itacen girki. Ƙauyen Laxton a Nottinghamshire yana riƙe da wannan tsari har yanzu.

Cinikin ulu ne ya fara rusa shi. Da gashin tumaki ya yi daraja a ƙarni na 15 da na 16, masu ƙasa suka shiga killace gonaki suna mai da su makiyaya, makiyayi ɗaya da karensa suka maye gurbin gidaje masu yawa. A watan Yulin 1549 mutanen Wymondham a Norfolk suka fita cire shingaye. Suka je gonar wani mai hali, Robert Kett. Maimakon ya kore su, sai ya sa hannu aka rushe nasa, ya zama jagoransu. Kimanin mutum 16,000 suka yi sansani a bayan birnin Norwich, suka kuma kama birnin. A ƙarshen Agusta sojojin sarki suka kashe wajen 3,000, a watan Disamba aka rataye Kett a jikin ganuwar fadar Norwich. An sake irin wannan bore a 1607 a Northamptonshire da maƙwabtanta, inda jama'a suka riƙa tumɓuke shinge suna cike ramukan iyaka, shi ma da takobi aka kashe wutarsa.

Abin da masu ƙasa suka fara da ƙarfin hannu, majalisa ta kammala shi da doka. Tsakanin 1604 da 1914 an zartar da dokokin killace fili fiye da 5,200, waɗanda suka shafi eka miliyan 6.8, akasarinsu daga 1750 zuwa 1850. Kwamishinoni da ma'auna ƙasa sukan zo gari, su haɗe yankunan kowa wuri ɗaya, su ja layi miƙaƙƙe, sannan a ɗora wa kowane mai rabo nauyin shinge nasa cikin wa'adi. Ƙaramin manomi da kuɗin awo da na dashe suka fi ƙarfinsa yakan sayar ya koma ƙwadago. Wanda kuma al'ada ce kawai ta ba shi damar kiwo, babu takarda, sau da yawa hannu rabbana ya tashi. Masanin tarihin karkara Oliver Rackham ya ƙiyasta cewa an dasa mil 200,000 na shinge tsakanin 1750 da 1850, galibi da wata ƙaya mai farin fure da ake kira hawthorn, saboda saurin girmanta. Noma ya ƙara albarka, wannan gaskiya ne. Gaskiya ne kuma cewa shingen da Bature ke kallo yau da ƙauna shi ne ya raba kakannin da yawansu da ƙasa.

Shinge ba ya riƙe kansa. In aka bar shi, sai ya miƙe ya zama jerin bishiyoyi, gindinsa ya buɗe tumaki su ratsa. Maganin haka shi ne sana'ar kwantar da shinge, wadda ake yi a lokacin sanyi, sa'ad da ganye ya zube kuma tsuntsaye ba su kan sheƙa. Mai aikin yakan riƙe adda mai lanƙwasasshen baki, ya sari kowane itace kusa da ƙasa a karkace, ya ci mafi yawan kaurinsa, ya bar ɗan ɓawo da tsoka don ruwan itacen ya ci gaba da hawa. Sai ya kwantar da shi a kan na gabansa, kai yana kallon tudu. Ya kafa turaku a tsakani, ya saƙe samansu da tsumagu. Da bazara toho yakan fashe daga kututturen da kuma jikin reshen da ke kwance, shingen ya cike tun daga ƙasa. Kowane yanki da salonsa: na tsakiyar ƙasa dogo ne mai kauri don tare bijimai, na Devon a kan tudun ƙasa ake kwantar da shi dab da ƙasa don tumaki.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu al'amari ya juye. Ƙasar ta ɗanɗani ƙarancin abinci, dokar noma ta 1947 ta sa yawan amfani a gaba, manyan taraktoci da injinan girbi kuma ba sa iya juyawa a ƙananan gonaki. Gwamnati ta riƙa ba da tallafin kuɗi ga mai tumɓuke shinge. Waya mai ƙaya ta fi araha, ma'aikatan gona sun ragu, cutar da ta kashe bishiyoyin elm fiye da miliyan 25 daga ƙarshen shekarun 1960 ta ƙara ɓarna. Ana ƙiyasta cewa kusan rabin shingayen ƙasar sun salwanta, asarar ta fi muni a gabashi, inda ake noman alkama. Tare da su aka rasa mafakar tsuntsaye, bushiya, jemage da ƙudan zuma, iska kuma ta sami hanyar kwashe ƙasa.

Sai a 1997 aka kafa dokar da ta wajabta sanar da ƙaramar hukuma kafin cire shingen karkara, a ba ta kwana 42 ta duba ko mai muhimmanci ne. Manoma yanzu ana biyan su don su dasa. Wani kaso na aikin kuma ya koma hannun 'yan sa kai. Ƙungiyar Woodland Trust, wadda aka kafa a 1972, tana raba dashe kyauta ga makarantu da ƙungiyoyin unguwa, ƙungiyar masu kwantar da shinge ta ƙasa, wadda aka kafa a 1978, tana koyarwa tana kuma shirya gasa. Ana yin dashen tsakanin Nuwamba da Maris, da 'yan itatuwa masu tsirarar saiwa da ba su wuce kamu biyu ko uku ba, layi biyu a sassaɓe, kamar biyar a kowace mita, a naɗe kowanne da roba saboda zomaye. Irin wannan shinge yakan kai shekara goma kafin ya isa kwantarwar farko.

A shirin muhalli na 2023 gwamnati ta ɗauki alkawarin dasawa ko farfaɗo da mil 30,000 na shinge a Ingila kafin 2037, da mil 45,000 kafin 2050.