Majinyaci Ɗaya Cikin 33

Wannan makon za mu waiwayi wani magani da aka kusa yanke ƙauna da shi a kan ciwon dajin babban hanji.

Shi wannan magani ba shi ke kashe ciwon ba. Kwance dabaibayin da ciwon ya yi wa garkuwar jiki yake yi, ita kuma ta yi sauran aikin. Binciken da ya buɗe wannan hanya ne ya ba James Allison da Tasuku Honjo kyautar Nobel a 2018.

A gwaje-gwajen farko, cikin masu ciwon dajin hanji 33 da aka ba maganin, mutum ɗaya tak ya samu sauƙi. Da wasu ne, da sun rufe littafi. Amma likitocin Johns Hopkins a Amurka suka tsaya a kan mutumin nan: me ya bambanta shi? Ashe ƙwayoyin ƙarinsa ba sa iya gyara kurakuran da ke aukuwa yayin da suke rabuwa. Kurakuran sai su taru har garkuwar jiki ta gane ƙarin baƙo ne. Ana kiran wannan nau'i dMMR. A 2015 Dung Le da abokan aikinta suka nuna cewa masu wannan nau'i ne maganin ke yi wa aiki.

Sai Myriam Chalabi, likita a Amsterdam ta ƙasar Holan, ta gwada ba da shi kafin tiyata, ba sai ciwon ya bazu ba. A gwajin NICHE-2 an ba da ipilimumab sau ɗaya, miligiram 1 ga kowane kilo na nauyin jiki, wato sulusin abin da aka saba ba masu ciwon dajin fata, da nivolumab sau biyu, sannan tiyata cikin mako shida. Sakamakon da aka wallafa a 2024 ya nuna cewa cikin majinyata 111, kashi 68 cikin 100 ba a samu ƙwayar ciwon mai rai ba a naman da aka cire.

Kada dai wani ya ɗauka na kowa ne. Kusan kashi 15 cikin 100 ne na masu ciwon ke da dMMR, kuma sai an gwada naman ƙarin ake ganewa. Garkuwar da aka kwance ma takan juyo ta taɓa hanta ko maƙoshi.

Ga tsada kuma. Ita ce ta sa asibitin Tata Memorial na Mumbai ya gwada miligiram 20 na nivolumab maimakon 240 da aka saba, amma a ciwon dajin kai da wuya, ba na hanji ba.