Jirgin LST: Abin da tsoffin mayaƙan ruwa ke tunawa

A ranar 10 ga watan Janairun 2001, wani tsohon jirgin ruwan yaƙi mai lamba LST-325 ya shiga tashar Mobile da ke jihar Alabama a Amurka, bayan tafiyar da ta faro daga tsibirin Crete na ƙasar Girka. Mutanen da suka tuƙo shi ba su kai talatin ba, kuma matsakaicin shekarunsu 72 ne. Galibinsu sun yi aiki a cikin irin wannan jirgi tun suna samari.

Haruffan LST taƙaitaccen suna ne na Turanci da ke nufin jirgin da ke sauke tankokin yaƙi a gaɓar teku. Sai dai ma'aikatansa sun ba haruffan wata fassarar ta barkwanci: ƙaton abin hari mai tafiyar hawainiya.

Asalin jirgin

Bayan da aka kwashe sojojin Birtaniya daga Dunkirk a 1940, inda suka bar dubban motoci da manyan bindigogi a baya, Firayim Minista Winston Churchill ya matsa a samar da jirgin da zai iya tsallaka teku da tankoki, ya sauke su a kan rairayi ba tare da buƙatar tashar jiragen ruwa ba. Wani injiniyan rundunar mayaƙan ruwan Amurka, John Niedermair, shi ne ya zana fasalinsa a watan Nuwamban 1941.

Dabarar tana cikin ruwan da jirgin ke sha. A tsakiyar teku akan cika wasu tankuna da ruwa domin ya yi nauyi ya zauna sosai. Idan ya doshi gaɓa sai a fitar da ruwan, ya taso sama, ya hau rairayi da gabansa. Daga nan manyan ƙofofi biyu su buɗe, a sauke gadar ƙarfe, tankoki su fito da kansu.

Tsawonsa kimanin mita 100 ne, yana ɗaukar tankoki kusan 20, kuma gudunsa bai cika wuce kilomita 20 a sa'a ba. Amurka ta ƙera guda 1,051 lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, yawancinsu a garuruwan bakin kogi da ke nesa da teku. Garin Evansville na jihar Indiana kaɗai ya ƙera 167. Duk da wannan yawa ba su wadatar ba, kuma ƙarancin jiragen sauke sojoji na cikin dalilan da suka sa aka ɗage harin Normandy daga watan Mayu zuwa Yunin 1944.

Rayuwa a ciki

Abin da kusan kowane tsohon ma'aikacin LST ke fara ambata shi ne tangal-tangal. Ƙasan jirgin shafaffe ne domin ya iya zama a kan rairayi, saboda haka ba ya yanka igiyar ruwa kamar sauran jirage. Yakan hau kanta ne ya faɗo da ƙarfi, jikinsa duka ya girgiza. Da dama sun bayyana yadda mutum kan tsaya a baya yana kallon daɓen ƙarfen sama na lanƙwasawa yana miƙewa idan teku ta fusata. Jiri da amai ba su bar sabo ba, ba su bar tsohon hannu ba, amma sojojin ƙasa da ake ɗauka a matsayin fasinjoji su suka fi jin jiki.

Ma'aikatan kan haura ɗari, da hafsoshi ƙasa da goma. Yawancinsu matasa ne daga gonaki da ƙananan garuruwa, waɗansu ba su taɓa ganin teku ba sai da suka shiga soja. Hafsoshin ma galibi 'yan wucin gadi ne da aka horar cikin gaggawa. Wannan ya sa ba a cika tsananta ƙa'idar sutura da gaisuwar soja ba kamar yadda ake yi a manyan jiragen yaƙi, kuma tsoffin ma'aikatan kan danganta shaƙuwar da ke tsakaninsu da haka.

Suna kwana a gadajen tamfol da aka jera wani bisa wani, suna karɓa-karɓar aiki duk bayan sa'o'i huɗu. Ruwan daɗi akan auna shi, musamman a yankin tekun Pasifik. Masu kula da injunan dizal guda biyu, irin waɗanda kamfanin General Motors ya ƙera wa jiragen ƙasa, suna tunawa da zafi da ƙarar da ta kashe wa wasu kunne.

Jiragen ba su da suna a lokacin yaƙin, lamba kawai. Sai a 1955 aka raɗa wa waɗanda suka rage sunayen gundumomin Amurka. Har yanzu dai da lamba dattawan ke kiran nasu.

Sa'o'in jira a kan rairayi

Kafin jirgin ya hau gaɓa akan jefa anga ta baya, wadda za a ja daga bisani domin ya koma cikin ruwa. A Normandy, inda teku ke janyewa da nisa, jirgin kan zauna a busasshen rairayi na tsawon sa'o'i har sai ruwa ya dawo. Ba gudu, ba wurin ɓuya.

Komawa Ingila ma ba hutu ba ce. Ɗakin da ya kawo tankoki shi ake jera wa gadajen ɗaukar marasa lafiya, kuma a watannin da suka biyo bayan 6 ga Yunin 1944 jiragen LST sun kwashe sojoji sama da dubu 40 da suka jikkata. A wasu lokuta fursunonin yaƙi na Jamus ake ɗorawa.

Akwai kuma abin da aka hana su faɗa. A ranar 28 ga Afrilun 1944, ƙananan jiragen yaƙin Jamus sun afka wa ayarin LST da ke atisaye a gaɓar kudancin Ingila, suka nutsar da LST-507 da LST-531, aka rasa Amurkawa 749. An umarci waɗanda suka tsira su yi shiru don kada asirin shirin Normandy ya tonu, kuma wasu sun yi shekaru masu yawa ba su shaida wa ko iyalinsu ba. Makonni uku bayan haka, a ranar 21 ga Mayu, fashewar makamai a Pearl Harbor ta halaka jiragen LST shida da mutane 163, da dama daga cikinsu sojoji baƙar fata da ke aikin lodi.

An ci gaba da amfani da jiragen a Inchon ta Koriya a 1950, da kuma yaƙin Vietnam. Najeriya ma ta mallaki sabbin samfurinsu: NNS Ambe na cikin jiragen da suka kai dakarun ECOMOG Monrovia a 1990, sannan ta karɓi NNS Kada a 2022.

Dawo da 325

Shi LST-325 ya halarci sauke sojoji a Sicily da Salerno a 1943, sannan ya yi zirga-zirga sama da 40 tsakanin Ingila da Faransa. A 1964 aka miƙa shi ga Girka, wadda ta kira shi Syros, ta yi aiki da shi har 1999.

Dattawan da suka je karɓo shi a shekarar 2000 sun tarar da tsatsa da kyankyasai da injuna masu gardama, suka shafe watanni suna gyara cikin zafin Crete. Rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka ta ba su shawarar kada su tsallaka Atlantika a lokacin sanyi da jirgi mai shekaru 58. Suka ƙi. A ƙarƙashin jagorancin Robert Jornlin, wani manomi daga jihar Illinois, sun yada zango a Gibraltar don gyaran inji, suka ci gaba.

Tun 2005 jirgin yana Evansville a matsayin gidan tarihi, kuma masu aikin sa kai kan tayar da injunansa su zaga da shi garuruwan bakin kogi.