Wasannin Kaka a Kudancin Kano

Kashegarin Babbar Sallar da ta wuce, zuriyar wani dattijo daga danginmu na wajen Bebeji suka yi taron zumunci a bakin madatsar ruwa ta Tiga, suka zo da tabarmi da tukwanen shinkafa da soyayyen naman layya, har da takardar da aka tsara abubuwan da za a yi a wunin, wadda aka rufe ta da wasannin gargajiya. Da la'asar ta yi sanyi, sai wani tsoho ya durƙusa ya share ƙasa da tafin hannunsa, ya haƙa gurabu talatin, layi biyar kowanne da shida, ya aiki yara su tsinto masa tsakuwa goma sha biyu, shi kuwa ya kakkarya kara goma sha biyu. Jikokinsa suka kewaye shi sun zuba ido, alhali babu ko ɗaya daga cikinsu da ya gane dara ake shirin yi, balle ya san ba a jera 'ya'ya uku tun wajen zubi sai an fara tafiya. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, domin a ƙuruciyarmu ba a zaunar da yaro a koya masa dara. Tsayuwa yake yi a bayan manya a ƙofar gida, yana kallo, har ran da za a rasa abokin wasa a ce ya zauna.

Duk wanda yake son ya fahimci tarihin waɗannan wasanni a ƙasar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, wajibi ne ya fara da shekarar manomi, domin ita ce ta yanka musu lokaci. Tun daga ruwan shuka har zuwa girbin dawa, saurayi ba shi da jikin da zai kai fagen wasa, fartanya da garma sun cinye ƙarfinsa; amma da zarar an ɗaure dammuna an kai rumbu, hunturu ya fara busawa, aljihu ya ɗan yi nauyi, sai dandali ya raya, musamman a dararen farin wata. A wannan lokaci ne ƙauyukan ƙasar Kano suke bikin kalankuwa, inda samari kan naɗa sarkinsu da alƙalinsu da fadawansu bisa kwaikwayon sarautar gari, a gayyaci ƙauyukan makwabta, a sauki baƙi a gidaje a ciyar da su, a yi kiɗa da kokawa kwana da kwanaki, kuma da yawa daga auren da akan ɗaura a rani a nan ake fara ganin juna.

Bayan lokaci kuma, kowane wasa yana da ma'abotansa. Kokawa ta manoma ce, kuma ɗan kokawa idan ya ɗaura warki, ya ɗaure layunsa a damtse, ya shiga fage makaɗa na zuga shi, sunan ƙauyensu ne ya ɗauko a ka, don haka kayen da aka yi masa na mutanen garinsu ne baki ɗaya. Dambe kuwa gadon mahauta ne, waɗanda sukan bi kasuwanni da bukukuwan kaka da kalangunsu, su yi fawa da rana, da yamma su naɗe hannu da zare. Shaida a kan daɗewar wannan gado tana nan a rubuce, domin Kyaftin Clapperton, Baturen Birtaniya da ya yi wa kansa suna Abdullahi, da ya sauka Kano a 1824 ya so ya ga damben da ya sha jin labari, kuma mahauta ne suka zo suka yi a gabansa, bayan ya gindaya sharaɗin kada a yi na gaske don gudun asarar rai. Shi ne kuma ya ratsa ta Bebeji a 1826 a hanyarsa daga Zariya zuwa Kano, ya same ta babbar alƙarya mai ganuwa a kan hanyar fatake. Fulanin da suke kiwo a dazuzzukan yankin, har da dajin Ɗansoshiya na ƙasar Kiru, wanda aka keɓe domin tsugunar da makiyaya a zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, suna da nasu sharo, inda saurayi kan tsaya ƙirji a buɗe a tsala masa bulala, yana duban madubi, ba ya ko yamutsa fuska.

Ni dai a cikin wasannin nan babu wanda ya fi langa shiga raina, watakila don ba ta bukatar komai face fili da ƙafafu. Yaro zai lanƙwasa ƙafa ɗaya ta baya ya riƙe babban yatsanta da hannu, ya riƙa tsalle da ɗayar, a raba yara gida biyu, a zaɓi guda a ce shi ne ruwa. Aikin 'yan'uwansa su tare masa abokan hamayya da kafaɗa da hannu guda, su buɗa masa hanya har ya kai wurin sha, duk wanda kuwa ya faɗi ko ya saki ƙafarsa ya fita. Hikimar da ke ciki ita ce ba mafi ƙarfi ake bai wa ruwa ba, mai wayo da saurin zillewa ake nema, ƙarfafan kuma su yarda su sha ture domin waninsu ya kai. A gefe guda 'yan mata suna gaɗa, suna tafi da waƙa, ɗaya ta faɗo da baya sauran su cafe ta, ƙanana kuma suna zaune suna carafke da 'yan duwatsu.

Malamanmu ba su yi wa wasa hukunci guda ba, bal sun rarrabe. Ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar nan tun kaka da kakanni, ya san cewa a ƙarshenta an hana wasan nardi da shaɗaranji, an kuma halatta tsere da dawaki da raƙuma da gasar harbin kibiya. Ya kuma ji a littattafan Sira cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi. Saboda haka abin da suka yi inkari a kansa, tun zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, shi ne abin da kan biyo bayan wasan: caca, da cuɗanyar maza da mata cikin dare, da tsafe-tsafen da wasu 'yan wasa kan dogara da su, da shagala har lokacin salla ya fita. A ganina sun yi adalci, kuma da an bi tafarkinsu na rarrabewa, da ba a zubar da langa tare da caca ba.

Amma abin da ya raunana dandali a kudancin Kano ya fi ƙarfin wa'azi. A zamanin Gwamna Audu Baƙo aka gina madatsar Tiga a kan Kogin Kano, aka kammala ta a 1974, ruwanta ya gangara ta magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, sai rani, wanda a da shi ne lokacin hutu, ya koma lokacin alkama da tumatir da shinkafa, samarin yankin suka sami aikin da ke kawo kuɗi a watannin da kakanninsu suke kokawa. Ba na kukan wannan, domin alheri ne bayyananne. A 1976 kuma gwamnatin tarayya ta buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, yaron da zai tashi da sassafe ya tafi makaranta ya rage hirar dare, makarantar kuma ta zo masa da ƙwallon ƙafa. Daga baya, a shekarun da ɓarayin shanu suka yi sansani a dajin Falgore, iyaye a Doguwa da Tudun Wada suka daina sakin jiki da taron dare da tafiya ƙauyen makwabta. Makwabtanmu na Nijar sun yi wa kokawa gata, suka kafa gasar takobi ta ƙasa baki ɗaya, wadda aka fara a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauka. Mu kuwa, ko da yake an shigar da dambe da kokawa da langa cikin gasar wasanni ta ƙasa, dambe ne ya fi samun gidajen da ake biyan kuɗin ƙofa a birane, sauran suka koma jiran ranar al'adu a makaranta ko irin wannan taro na dangi.

A ranar nan ta Tiga, bayan tsohon ya ci ƙanensa dara sau biyu, sai wani magidanci mai kimanin shekara hamsin ya tuɓe babbar riga, ya kama yatsan ƙafarsa ya nuna wa yara yadda ake langa. Da fari faɗuwa suka riƙa yi suna dariya, amma kafin rana ta yi ja sun raba kansu gida biyu, sun zaɓi wani siririn yaro ya zama ruwa, sun sa kututturen wata bishiya ya zama wurin sha, kuma har aka kira magariba aka fara naɗe tabarmi, iyaye mata suna ta kiran sunayensu, su kuwa suna roƙon a bar su su ƙara zagaye ɗaya.