TARIHIN HANYARMU DA HAƘƘIN MAI TAFIYA ƘASA

Iyayenmu dattawa, da ƴan'uwa ƴan Maijirgi mazauna Maraɗi, Damagaram, Yamai da Kano.

Kullum da safe nakan tsaya bakin gudron ina ƙetarar da ƴan lakwal, hannun wannan cikin na wancan. A nan ne na fara tambayar kaina: wai hanyar nan ta wa ce? Amsar tana cikin tarihinta.

Kafin zuwan Nasara, hanya ta mai ƙafa ce. Fatake da jakunansu, Buzaye da raƙuman gishiri, mata da tulunansu, su suka taka ta har ta fito. Wanda ya fi kowa sauri shi ne mai doki, shi ma yakan ja linzami in ya shigo gari.

A 1899 rundunar Faransa ta kaftin Bule da Shanwan ta biyo ƙasarmu daga yamma, tana ƙone garuruwa, har da Birnin Ƙwanni. A nan Maijirgi sojojinsu suka juya musu, suka kashe Shanwan ran 16 ga Yuli, Bule kuma washegari. Kaburburansu na nan, kowa ya san wurin. Babbar hanya mai lamba 1 ta bi kusan sawun da suka bari.

Da mulkin Nasara ya zauna, sai aka buƙaci hanyar mota tsakanin Damagaram da Yamai, wadda ta zama babban birni a 1926. Kakanninmu suka yi ta da aikin tilas, suna sarar itace, suna ɗaukar jar ƙasa a ka, ba ko sisi. Sai a 1946 aka soke aikin tilas. An yi hanyar don kumandan da sojansa, daga baya don manyan motocin gyaɗa. Waɗanda suka gina ta da ƙafa suka je, da ƙafa suka komo, amma ba a ware musu ko taku ɗaya a gefenta ba.

Bayan samun mulkin kai a 1960 aka shimfiɗa gudron. Kada mu yi butulci, ya kawo alheri: mai naƙuda takan isa likita a Tasawa da wuri, hatsi yakan kai kasuwa. Sai dai jar ƙasa da ramunanta suna tilasta wa direba ya sassauta, gudron kuwa ya sake masa mara. Gari ya matso bakin hanya saboda ciniki, mai tuya da mai rake suka kafa tebur, yara suna bin motoci da tire a ka.

Haka abin yake a birane inda da yawanku kuke ci-rani. Bayan ambaliyar 1945 aka tayar da Maraɗi daga bakin gulbi zuwa kan tudu, aka yanka mata tituna miƙaƙƙu masu faɗi. Miƙaƙƙen titi yana kiran gudu. Daga baya kabu-kabu da adaidaita suka cika unguwanni, ƴan tebur suka cinye gefen titi, mai ƙafa ya koma tsakiya yana gogayya da ƙarfe. A Kano an hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013, amma ƙetare titi bai zama sauƙi ga tsoho ko almajiri ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a hatsarin hanya, kuma fiye da ɗaya cikin biyar masu tafiya ƙasa ne. Ta kuma nuna cewa wanda mota ta buge tana gudun kilomita 65 a awa, hatsarin mutuwarsa ya ninka na wanda aka buge a gudun 50 sau huɗu da rabi. Shi ya sa taron ƙasashen duniya na Sitokholm a 2020 ya nemi kada gudu ya wuce kilomita 30 a inda mutane da motoci ke cakuɗe. Ajali na Allah ne, amma an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali.

Ga abin da nake roƙon ƙungiyarmu:

Na ɗaya, dattawa su kai kuka wurin magajin gari, a nemi tudun rage gudu da alluna a mashigar gari ta gabas da ta yamma, da inda yara ke ƙetarewa. A yi shi bisa ƙa'ida, da fenti, don tudun da ba a gani da dare shi ma yana kisa.

Na biyu, ranar kasuwa a ja tebura baya, a bar wa mai ƙafa wurinsa.

Na uku, a koya wa yara su bi gefen hagu suna fuskantar mota, tun da a ƙasarmu mota dama take bi. Mai amalanke ya rataya fitila da dare.

Na huɗu, ku mazauna birni, ku shiga taron unguwanninku ku nemi irin wannan. Ƴaƴanmu masu kabu-kabu kuwa, ku tuna tsohuwar da ke ƙetarewa uwar wani ce.

Da gumin kakanninmu aka yi hanyar nan. Jikokinsu suna da haƙƙin su ƙetare ta su koma gida lafiya. A kawo wannan magana a taronmu mai zuwa.

Allah ya kiyaye mu, ya jiƙan waɗanda hanya ta ci. Amin.

Naku, malamin lakwal a Maijirgi.